Shekarar da Kifi Ya Mutu a Gurbin Baure

Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wannan aikin ai yawo ne ake biyan mutum ya yi. Na ji sarai, gwiwata ce ta tsufa, ba kunnena ba. Wai ka zura takalmin roba, ka tsoma mita a ruwa, ka ɗauki hoto da waya, ka hau mashin ka koma Mubi kafin rana ta yi zafi. To madalla, sannunku da ƙoƙari. Ku samu dutse ku zauna. Kai mai jar riga, sauko daga kan saiwar nan, maciji ya fi ka son wurin.

Ishaya ake ce mini, Baba Ishaya tun da furfura ta ci ƙarfina. Tun ina saurayi nake bin ƙoramun da ke saukowa daga duwatsun nan, mayo kamar yadda muke kiransu, ina duba ruwa, ina duba kifi, ina gaya wa mutane abin da ba shi suka kira ni su ji ba. Abu na farko da za ku sa a ranku, a wannan aikin kowa zai yi muku ƙarya. Ba wai don mugaye ne ba. Manomi zai yi, masunci zai yi, har matar da ta kawo muku kunu da fara'a za ta yi, kuma gobe ku sake shan kununta.

Wanda ya koya mini aiki Baba Tumba ne, mutumin tudun Michika, gajere, mai ƙaramar murya. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya dube ka kamar akwai abin da ka ɓoye a bayanta. Yana aiki da ofishin kifi a lokacin, aka haɗa ni da shi. Na zo da zumuɗi, ina tsammanin za a miƙo mini birgi in yi ta jifa ina jawo tarwaɗa. Ina! Kakar farko gaba ɗaya duwatsu na yi ta juyawa. Ka shiga ruwa, ka ɗago dutse, ka duba cikinsa, ka mayar da shi yadda ka same shi. Ka kuskura ka mayar da shi a kife, ranar za ka sha zagi da yare uku. Da na gaji na ce masa, "Baba, ni fa kifi na zo koya." Ya ce, "Kifi in ruwa ya ɓaci gudu yake yi. Waɗannan na ƙarƙashin dutse ba su da inda za su. Su za ka tambaya."

Kuma haka abin yake. Akwai wani ƙwaro da ke gina wa kansa gida da ƙwayoyin yashi, siriri kamar tsinken ashana. Akwai wani mai faɗi, mai jela uku, da ke rugawa a jikin dutse da zarar haske ya taɓa shi. In ka ga waɗannan, ruwan lafiya lau yake. In ka juya, ka juya, ba ka ga komai ba sai jajayen tsutsotsi cikin baƙin laka, to akwai wanda ya yi wani abu a sama, ko da ruwan ya fi na randar gidanku haske. Ni ruwa mai haske bai taɓa burge ni ba. Wanda aka zuba wa magani ma haske yake yi, don ba abin da ya rage a ciki da zai motsa shi.

Wata rana a wajen Mayo Bani wani dattijo ya raka mu bakin ruwa, yana rantsuwa cewa tun kakanninsa ba a taɓa wanki a wurin ba, can ƙasa ake yi. Baba Tumba ya yi ta gyaɗa kai, ya yi masa godiya har da russunawa. Da mutumin ya juya baya, sai ya goga yatsa a jikin wani faffaɗan dutse ya kawo mini hanci. Sabulu, har da ƙamshinsa. Na buɗe baki zan kira dattijon, ya take mini ƙafa. Ya ce in na kunyata shi yau, gobe ba mai nuna mini hanya a ƙauyen, kuma ba a aiko mu mu kama kowa ba. Tun daga ranar na koyi sauraron mutum har ya gama, in yi masa godiya, sannan in je in duba da kaina.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika buhu ba. Gora doguwa da muka yi wa tsaga-tsaga don awon zurfi. Farin faranti da aka huda aka ɗaura wa zare, ka sake shi a ruwa ka ga inda zai ɓace wa ido. Rariyar tankaɗe, wadda matar Baba Tumba ta neme ta har ta haƙura. Kwalabe, homa, birgi, da ma'aunin zafi guda ɗaya da muke naɗewa a tsumma kamar jariri. Birgin ma ba don miya ba ne. Ka jefa, ka duba wane iri ne ya fito, manya ne ko ƙanana, ka ɗaga murfin kunnensa ka ga ja ne ko ya koɗe, ka shafa jikinsa ko akwai gyambo, ka sake shi. Mutanen ƙauye sun daɗe suna ɗauka muna da taɓin hankali. Mutum ya kama karfasa mai faɗin tafin hannu biyu, ya leƙa kunnenta, ya mayar!

Mitar da aka ba ku yanzu abu ne mai kyau, kada ku ji na ce tsoho yana kushe ta. Da ina da ita a shekarun baya da ta rage mini wahala mai yawa. Amma ita ma ku sa mata ido. In batir ya yi sanyi tana faɗin abin da ta ga dama. In ba ku wanke bakinta ba, labarin mayon jiya za ta ba ku a mayon yau. Kuma inda ka tsoma ta, nan kaɗai ta sani. Mai gonar da ya riƙe maka jaka yana cewa "nan ya fi sauƙin sauka, ranka ya daɗe", ka tambayi kanka me ya sa ba ya son ka sauka can.

Kun tambaya me ya sa sai da kaka muke yawan fitowa. Da damina ruwa ja ne, mai ƙarfi, duk abin da aka zuba kafin ka zo ya wuce. Da kaka yake kwantawa. Kifin da ya shiga ciyawa ya yi ƙwai yana komowa wurare masu zurfi, ganyen giyayya da na ɗinya suna zuba a ciki, kuma kowa ya gangaro bakin mayo da hidimarsa: mai wanke gyaɗa, mai wanke buhu, mai shayar da shanu, mai gyara lambu. Abin da ka gani a watannin nan shi zai gaya maka ko za a ci kifi da rani.

Masu kiranmu kuwa, kusan ba wanda ke kira don yana son sani. Kafin ka iso ya riga ya gama shari'a, sunan mai laifi na bakinsa, kai kawai yake jira ka ce amin. Wani mai tafkin kiwon tarwaɗa a Mugulbu ya aiko mini mashin, ya saya mini lemo mai sanyi, wai maƙwabcinsa ya jefa masa wani abu. Na zura hannu ƙasan tafkin na ɗebo abincin kifi ruɓaɓɓe cike da tafi. Shi yake zuba musu kamar ana biki, don yana gaggawar su girma kafin Kirsimeti. Da na faɗa masa, sai da ƙafa na fito titi. Wadda na fi jin daɗin hulɗa da ita Saratu ce, mai banda a kasuwa. Ita takan aiko mini in duba mata kifin da aka kawo in ta ga ya yi arha da yawa. Kifin da aka kashe da magani jikinsa saki yake yi da wuri, cikinsa ya fashe a kan wayar banda tun wuta ba ta kama shi sosai ba. Ita ma ba ta taɓa gaya mini sunan wanda ya kawo mata ba, kullum "wani mutum ne".

Yanzu bari in ba ku labarin mummunar shekarar, don ku daina ce mini yawo.

Shekarar ruwan sama ya ɗauke da wuri, dawa tana cikin fitar da kai. Baba Tumba ya riga ya koma gida ya huta, ni kaɗai nake zagaye. Akwai wani ƙauye a bayan Vimtim, ba zan kira sunansa ba don har yanzu ina bi ta can, kuma ina son a amsa mini gaisuwa. Mayonsu yana fitowa daga kurmi, ya bi tsakanin gonaki, ya faɗa wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin tsohon baure. Al'adarsu, da an fara cire gyaɗa Jauro, wato mai garin, zai kafa sanda mai ganye a bakin gurbin. An rufe ke nan. Ba kamun kifi, ba wanka, ba wanki, ko ƙafa ba a tsomawa, sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, a tsakiyar rani, ranar da duk ƙauyen zai shiga da homa. Wanda ya karya doka akuya zai biya, ga kunya. Gidaje da yawa kifin ranar nan shi ne naman da za su gani har wata damina.

Da hantsi na isa, bayan an aiko a kira ni. Tun daga nesa na hango fari-fari a saman ruwa. Karfasa ce, manya-manya, sun juya ciki sama, iska tana tura su gindin baure. Mutane sun cika bakin gurbin. Ban gama sallama ba na ji daga baki uku ko huɗu, "Vandi ne."

Vandi baƙo ne a ƙauyen. Ya sauko daga garinsu na kan dutse da mata da yara, wani mai suna Bulus ya ba shi aron fili a bakin mayon, sama da gurbin. Fili ne da ba wanda ya taɓa kallo, duk dutse da ƙaya. Vandi ya kwashe duwatsun da hannunsa ya jera su hawa-hawa don tare ƙasa, irin na mutanen tudu, ya zuba taki, shekara ta zagayo wurin ya zama lambun da kowa ke tsayawa ya kalla. Ya sayi injin ban-ruwa, ya sayi famfon feshi na goyo. A lokacin irin tumatir da albasarsa sun tashi kore shar, saura dashe. Wai wani ya gan shi yana wanke famfon feshi a ruwa. Na ce wa ya gani? Kowa ya ce an gani.

Jauro ya jawo ni gefe. Tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam Ishaya, ga yadda muka tsayar. In maganinsa ne, Bulus zai karɓi gonarsa, shi kuma ya bar mana gari. Kai muke jira."

Na tarar da Vandi a lambunsa yana tsugune, ya kasa aiki ya kasa tafiya gida. Ya miƙe ya ce, "Baba, ni ban wanke shi a mayo ba. Rami nake da shi, zo ka gani. Yarana ma ruwan nan suke sha, yaya zan yi haka?"

Ya nuna mini ramin, can nesa da ruwa, na sunkuya na ji warin magani. Ban yarda da shi ba, kuma ban ɓoye masa ba. Mutum yana iya samun rami kuma ranar da ya gaji ya ɗauraye a inda ya fi kusa. Na ce ya zauna a inda yake, na shiga ruwa daga daidai gonarsa na fara gangarawa ina juya duwatsu. Masu gidan yashi na nan. Masu jela uku na nan suna ruge-rugensu. Ƙaguwa ta ɗaga mini hannu. 'Ya'yan kifi ƙanana kamar allura suna bin ƙafata. Har na kai bakin gurbin ban ga gawar ko talibambam ba. Maganin feshi ba ya tsallake wuri. In daga gonar Vandi ya fito, da wannan tsakanin ne zai fara sharewa, kuma ƙanana yake fara kashewa kafin manya.

Na zagaya ƙasan gurbin, inda ɗan ruwan da ke fita yake faɗowa kan duwatsu yana kumfa. Can ma da rai. Ke nan abin a cikin gurbin yake zaune. Na ɗauko matattun da homa na duba: baki a buɗe, murfin kunne a ɗage. Tarwaɗa kuwa ko ɗaya ba ta mutu ba, tana ta fitowa tana haɗiyar iska tana komawa, don ita tana iya wannan. Na kwana a ƙauyen, da gari ya waye na koma. Duk kifin da ya rage yana saman ruwa, baki sama, suna ta haki kamar wanda ya hau dutse da kaya. Da rana ta ɗaga sai suka ɗan nutsa. Wannan ba guba ba ce. Iskar da ke cikin ruwan ce ta ƙare, wani abu yana shanye ta.

To mene ne? Na zargi ganyen baure, amma kowace shekara yana zuba. Na zargi ko saniya ta faɗa ta mutu aka yi shiru. Na zargi masu jiƙa rogo. Har magimfa na zarga, ganyen nan da ake dakawa a zuba don kifi ya bugu, amma ita ba ta barin tarwaɗa tana wasa. Ruwan ya yi duhu, yana wani wari mai tsami-tsami, kuma a gindin saiwoyi ina ganin ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa. Daga baki ba zan iya sani ba. Na je gaban Jauro, jama'a na tsaye, na ce ina neman izini in shiga gurbin.

Kai, ku zo ku ga hayaniya! Wannan ya ce al'ada, wancan ya ce tun kakanni ba a taɓa ba, wani ya ce in baƙo ya shiga kifin baɗi ma ba zai zo ba. Bulus ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce, "Kai aikinka ka ce magani ne, shi ke nan, a ba ka kuɗin mai ka tafi." Ni kuma na bi fuskoki da kallo. Matan da jiya suka fi kowa ɗaga murya a kan Vandi, yau kowace ta sami abin gyarawa a bakin zaninta. Mazan suna ihu, amma ba mai kallon ɗan'uwansa. Na sha ganin mutum ɗaya yana ɓoye abu. Ranar na fara ganin gari guda, kuma abin ya ba ni tsoro.

Jauro ya daɗe yana kallonsu shi ma. Sai ya tashi da ƙyar, ya taka zuwa bakin ruwa, ya tuge sandar nan mai ganye ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Ni na kafa, ni na cire. Shiga."

Na tuɓe riga na shiga da gorata ina caka ƙasa. Laka, laka, dutse, laka. Da na kai ƙarƙashin saiwoyin baure, ruwa ya kawo mini ƙirji, gorar ta sauka a kan wani abu mai lanƙwasa yana dawowa. Kumfa ta taso, wari ya buge ni sai da na kau da kai. Na nutsa na laluba. Dutse ne babba, an ɗora shi da hannu, a ƙarƙashinsa kuma dami. Na ture dutsen na jawo shi sama. Karan rama ne, dami guda, ya jiƙu ya yi yauƙi, an ɗaure shi da ƙyallen atamfa.

Kun san yadda ake yi, ko ba ku sani ba? In an yanke rama da kaka, akan ɗaure ta dami-dami a danne a ruwa har ta ruɓe, ɓawon ya saki, a sule shi a yi igiya. Da ita ake ɗaurin jinka, da ita ake ɗaure akuya da buhu. A ƙauyen nan suna da wurin jiƙonsu can ƙasa da gurbin, wani ɗan kwari mara zurfi. A shekarar ya bushe ƙaf tun kafin a yanke ramar. Kowane gida ya duba ya ga ba sauran ruwan da zai rufe dami sai wanda aka hana. Kowa ya saci jiki ya kawo nasa, ya danne da dutse a inda ido ba ya kaiwa, yana cewa nawa guda ɗaya me zai yi wa wannan uban ruwa. Kuma don kada ya rikice ranar ɗauka, ya ɗaure da ƙyallen gidansa, kamar yadda suka saba a wurin jiƙo.

Na turo damin bakin gaɓa, ba wanda ya miƙo hannu. Vandi ne ya sauko ya ja shi tudu. Na koma na sake lalubawa, ga wani. Ga wani a bayansa. Tun ina mamaki har na daina. Ni ina turowa, Vandi yana ja yana jerawa a kan yashi, har layin ya wuce inuwar bauren. Kowane da ƙyallensa: shuɗi, ja mai zanen ganye, tsohuwar rigar makaranta, bakin zanin zumuntar mata ta coci. Na masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci duk ruɓa ɗaya suka yi. A ƙauye kuwa ba zanin da ba a san mai shi ba.

Na fito ina rawar sanyi na yi wa Jauro bayani a gaban kowa. Na ce rama in tana ruɓewa iskar ruwa take sha. A shekarar kirki ruwa mai gudu yana kawo wata, bana kuwa gurbin kusan tsaye yake. Na ce maganin Vandi bai taɓa ruwan nan ba, ko a gaban wa zan faɗa. Jauro bai dube ni ba. Idonsa na kan wani dami mai ƙyalle ruwan goro, irin zanin da na ga uwargidansa ta ɗaura da safe lokacin da ta kawo mini kunu. Na tabbata bai sani ba sai a lokacin. Ya share fuska da tafin hannu, ya ce, "Kun ji. Vandi ba shi da laifi."

Na ce a raina aiki ya yi kyau. Har na fara neman rigata. Sai Bulus ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Mun gode wa Allah da gaskiya ta fito. Amma ni dama ina da niyyar karɓar gonata bana. Ɗana zai yi aure, yana bukatar wuri. Ba maganar kifi ba ce."

Vandi ya ce, "Baba Bulus, coci ɗaya muke zuwa. Bari in dasa, in cire amfanin wannan rani, sai in ba ka."

Bulus ya ce ɗan nasa yana gaggawa.

Na jira wani ya yi magana. Mutanen da asirinsu ya gama tonuwa yanzun nan, na ɗauka ko kunya za ta sa ɗaya ya ce haba Bulus. Ko tari ba wanda ya yi. Raina ya ɓaci, na ce, "Jauro, mutumin nan da hannunsa ya mai da dutse gona, kuma kun ji ba shi ya kashe muku kifi ba." Jauro ya ce a hankali, "Aro ne, Malam Ishaya. Mai abu ya ce yana son abinsa. Kai ka gama naka, mun gode." A nan na gane. Jiya suna son ya tafi don suna cewa shi ne. Yau sun fi son ya tafi, don shi ya jawo damin kowa da hannunsa ya shimfiɗa a rana, kuma ba mai iya haɗuwa da shi a hanya kowace safiya. Bulus kuwa, har gobe ina zargin tun ranar da lambun nan ya yi kore yake neman dalili. Ba ni da shaida, ba a juya dutse a ga wannan.

Bayan 'yan kwanaki na koma duba ruwan. Warin ya ragu, kifin da ya tsira ya daina haki. An mayar da sanda mai ganye. Damman ramar kuwa suna nan a jere yadda muka bar su, sun bushe, ɓawon ya tashi fari. Ba gidan da ya zo ya ɗauki nasa, don ɗauka amsa laifi ne. A lambun sama na hango ɗan Bulus yana dasa tumatir daga irin da ya tarar.

Ina tsaye sai ga Vandi ya turo mashin ta hanyar bakin gurbi, injin ban-ruwansa a baya yana rangaji, ba abin ɗauri. Iyalinsa sun riga sun yi gaba a mota. Mutane na zaune a ƙarƙashin wata bishiya kusa, maza da mata, suna ɓarar gyaɗa. Ya kafe mashin, ya je ya tsaya a kan damman, ya ɗaga murya.

"Jama'a, sannunku da aiki. Ramar nan na waye? Ina roƙon kaɗan, zan ɗaure kaya."

Ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Ya sake tambaya, ya tsaya ya jira, wallahi ya jira kamar mai tsammanin amsa. Ba wanda ya ɗago kai. Sai ya tsuguna ya sule ɓawo daga dami ɗaya, ya tofa yawu a tafi, ya murza a cinyarsa har ya yi igiya, ya ɗaure injin tam, ya girgiza shi ya ga ba ya motsi. Ya hau mashin, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Baba, ka shaida na tambaya. Kada gobe a ce na sata."

Na ce na shaida. Ya buga mashin ya tafi.